Ƙananan kayan azurfa na gado: yaya ake gane shekarunsu da inda aka ƙera su?

'Yar Gado:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina neman a taya ni karanta hatiman wasu 'yan mitsi-mitsin kayan azurfa na gado, irin waɗanda ake jerawa a kabad don ado. Babu wanda ya kai tsawon ɗan yatsa, kuma babu takarda ko rasit tare da su. Ga abin da nake iya gani da gilashin ƙara girma.

Akwai butar shayi mai tsayin santimita 4. A gindinta hatimai kashi biyu ne. Kashin farko manya ne, wani harafi da kambi a kansa, wani abu kamar fure, da ƙaramin n. Kashi na biyu ƙanana ne a jere: zaki yana tafiya, garkuwa mai dami uku da takobi, harafin R, harafin F, sai BM.

Akwai keken doki mai ƙafafu masu juyawa. A ƙarƙashinsa X uku da kambi, amma sun dushe. A gefen sandar da ta haɗa doki da keke akwai wani ɗan tabo mai kama da takobi, da wani abu kamar makulli a jikinsa.

Sai alkuki ɗaya mai X uku da kambi, da harafi, da ƙaho a cikin zuciya, da ɗan gatari. Sai kofi mai hannu biyu da DC kawai. Sai kujerar saƙar waya marar hatimi ko ɗaya. Sai tire mai tauraro da lamba da AR da 800. Shin duk zamaninsu ɗaya? Ta ina zan fara?

Baba Maƙeri:
Wa alaikumus salam 'yata. Kafin kowa ya ce komai: kada ki goge su. Kada ki tsoma su a ruwan wanke azurfa na kwalba, kada ki sa musu man goge baki, kada ki dafa su da soda da takardar alminiyon. Baƙin da ya kwanta a lunguna shi ne yake fito da zanen hatimi, kuma yana cikin abin da za mu duba. Idan ƙura ce ta dame ki, ruwan ɗumi da ɗigon sabulun ruwa da buroshi mai laushi sun isa, sannan ki tsane su sosai.

Hajiya Mai Hatimai:
Zamaninsu ba ɗaya ba ne, ƙasarsu ma ba ɗaya ba ce. Bari in fara da mai sauƙi, tire ɗin nan. Tauraro, lamba, da haruffa biyu tsarin Italiya ne da ya biyo bayan dokar 1968. Lambar ta rajistar kamfani ce, AR kuwa lardin Arezzo. 800 na nufin kashi 800 cikin 1000 azurfa ce. Azurfar gaske ce, amma ba tsohon kaya ba ne. Ki ajiye shi gefe.

Butar shayin ce take da labari. Ƙananan hatiman da ke jere na Ingila ne kuma na hukuma ne. Zaki mai tafiya shaidar azurfa 925. Garkuwa mai damin alkama uku da takobi ofishin awo na garin Chester ne, wanda aka rufe a 1962. F kuwa ita ce mabuɗin zancen: daga 1867 zuwa 1904 ana ƙara ta ne ga kayan da aka ƙera a waje aka shigo da su Ingila. BM na Berthold Müller ne, ɗan kasuwa mai shigo da azurfa daga Jamus, ba maƙeri ba. R ɗin Chester a zagayen haruffan da ya fara a 1884 tana faɗawa kan 1900.

Manyan hatiman da suka fi ɗaukar ido kuwa na ado ne. Masu ƙira a garin Hanau na Jamus sun shahara da yin kaya a salon ƙarni na 17 da na 18, su buga musu hatimai masu kama da na tsohuwar Faransa ko Augsburg ko Nuremberg. Ƙaramin n ɗin nan ana danganta shi da kamfanin Neresheimer, kuma Müller shi ne babban mai kai kayansu Ingila. Don haka butarki ƙirar Hanau ce ta wajajen 1900.

'Yar Gado:
Na gode Hajiya. To ba zai yiwu ba a ce butar tsohuwa ce tun ƙarni na 18, sai a 1900 aka shigo da ita Ingila aka buga mata nasu hatimin?

Hajiya Mai Hatimai:
Tambayar tana kan hanya, ƙanwata. Hatimin shigowa yana faɗa miki ranar da kayan ya ƙetare iyaka ne, ba ranar ƙira ba, don haka abin da yake tabbatarwa shi ne kayan bai gaza waɗannan shekarun ba. Abin da ya rufe ƙofar a nan shi ne manyan hatiman ba su zama saiti ɗaya na wani gari ba. Tsohon kayan Faransa na gaske kafin juyin juya hali yana ɗauke da hatimin maƙeri, da na ƙungiyar maƙera mai harafin shekara, da hatimai biyu na masu karɓar haraji, kuma dole dukkansu su yarda da juna a kan gari ɗaya da shekara ɗaya. Na Hanau tsintuwa ce, kambi daga nan, fure daga can. Ga kuma BM a gefe, wanda kasuwancinsa sabon kaya ne a tsohon salo.

Alhaji Mai Sikeli:
Ƙari a kan bayanin Hajiya ga masu irin wannan kayan. Daga 1904 an daina F. Kowane ofishi ya sami alama ta daban don kayan waje, a buga ta tare da adadin azurfar, kamar .925 a cikin da'ira mai tsawo. Na Chester ya zama ɗan itacen oak da ganye biyu, na Bamingham alwatika, na Landan kuma daga 1906 alamar burujin zaki, mai kama da lanƙwasasshen ƙarfen kofaton doki. Mutane da yawa suna neman anka (hatimin Bamingham) ko kan damisa (hatimin Landan), idan ba su gani ba su ce ba na Ingila ba ne, alhali ta Ingila ya bi.

Sannan kan sarki ko sarauniya a jerin hatiman Ingila shaidar biyan haraji ce, daga 1784 zuwa 1890. Kan damisar Landan yana da kambi har 1821, daga nan aka cire. Waɗannan biyun kaɗai suna rage zato sosai tun kafin a je ga harafin shekara.

Ɗan Gwanjo:
Keken dokin nan kuwa ko ba a duba hatimi ba na san inda za a dosa. Keken doki, injin niƙa mai fukafukai, jirgin ruwa mai filafilai, mutum da tsani yana kunna fitila, rijiya da guga: mafi yawan waɗanda ke yawo a kasuwa ƙirar Holan ce ta ƙarshen ƙarni na 19 zuwa na 20, an yi su da yawa don masu yawon buɗe ido da masu tara kayan ado. Garin Schoonhoven shi ne cibiyar wannan sana'a.

Hajiya Mai Hatimai:
Sakamakonka daidai ne Malam, amma hanyar da ka bi tana da haɗari. An yi keken doki da masu wasa da masu sana'a a Amstadam tun ƙarni na 18, na baya kwaikwayonsu suke yi. Siffa kaɗai ba ta raba su. Hatimi da aikin hannu ne suke rabawa.

'Yar Gado, ɗan tabon nan mai kama da takobi shi ne hatimin gaskiya a jikin keken. Tun 1814 Holan take buga ɗan takobi a kan kayan da suka yi ƙanƙanta da ɗaukar cikakken saiti, yana shaida cewa azurfar ba ta gaza 833 ba. Idan babu lamba a kan ruwan takobin, kafin 1953 ne, domin daga 1953 ake rubuta adadin a jikinsa. Makullin da ya hau kansa na fitar da kaya waje ne, an yi amfani da shi daga 1853 zuwa 1953, alamar an mayar wa mai kaya wani kaso na harajin da ya biya. Wato sabon kaya ne a lokacin, aka yi shi, aka auna shi, aka fitar da shi.

X ukun da kambi suna kwaikwayon hatimin birnin Amstadam na zamanin ƙungiyoyin maƙera, waɗanda aka rushe a 1798. Da keken ya fito daga wancan zamanin, da an ga harafin shekara da hatimin maƙeri tsaf a gefensu.

Ga wanda kayansa ya ɗan fi girma, cikakken saitin Holan na bayan 1814 guda huɗu ne: zaki, kan Minerva (gunkiyar Romawa) mai hular yaƙi, harafin shekara, da hatimin maƙeri. Kafin 1953, zaki a tsaye da lamba 1 azurfa 934 ce, zaki mai tafiya da lamba 2 kuma 833. A jikin hular Minerva akwai ɗan harafin ofishin awo, A na Amstadam, M na Schoonhoven. Sai da gilashi mai ninka girma sau goma ake ganinsa.

Baba Maƙeri:
Ni wurin da zan tsaya shi ne maganarki cewa X ɗin sun dushe. Dushewa iri biyu ce, kuma duk wanda ya iya raba su ya gama rabin aikin.

Hatimin da aka buga da ƙarfe yana tura azurfa gefe. Bakinsa yana da kaifi, ƙasansa sumul yake yana ɗan sheƙi, kuma idan azurfar siririya ce za ki ga inuwarsa ta ɓullo ta baya, ko wurin ya ɗan baje inda ya zauna a kan maƙera. Idan shekaru suka cinye shi, saman ne yake lashewa, amma abin da ya rage a zurfi yana nan da kaifinsa.

Hatimin da ya zo cikin zubi daban ne. Mai kwaikwayo ya ɗauki tsohon kaya, ya ɗauki siffarsa da ƙasar zubi ko da danƙo, ya zuba sabuwar azurfa, sai hatimin ya fito tare da jikin. Irin wannan ko'ina nasa a dagule yake, sama da ƙasa, bakinsa a zagaye, cikinsa da tsakuwa-tsakuwa kamar sauran jikin da ba a goge ba, kuma babu komai ta baya. Wani lokaci har ƙananan ƙuraje za ki gani a cikin harafin, wato kumfar iska ce da ta maƙale. Kwafin kuma yakan ɗan fi na asali ƙanƙanta, domin ƙarfe yana tsukewa idan ya huce.

Ki kashe fitilar ɗaki, ki kwantar da hasken tocila daga gefe har ya kusa shafar azurfar, ki riƙa juya kayan a hankali. Hasken da ya faɗo daga sama yana ɓoye duk wannan.

'Yar Gado:
Baba na duba yadda ka ce. A keken, X ɗin a dagule suke har ciki, takobin kuwa ƙarami ne amma tsaf yake. A alkukin kuwa duka huɗun da kaifinsu, kuma ta cikin gindin ana ganin inda suka turo.

Baba Maƙeri:
Madalla. To keken ya gama bayanin kansa. Alkukin ne ya cancanci a zauna a kansa.

Hajiya Mai Hatimai:
Ƙaho a cikin zuciya hatimin Arnoldus van Geffen ne, wanda ya yi aiki a Amstadam daga 1728 zuwa 1769, kuma yana cikin manyan masu ƙera irin waɗannan ƙananan kaya, tare da iyalan Van Strant da Van Somerwil. A wancan zamanin matan attajirai ne suke tara su, wasu a cikin kabad ɗin da aka tsara kamar gida mai ɗakuna, irin waɗanda ake gani yau a gidan tarihi na Rijksmuseum. Ba kayan wasan yara ba ne yadda ake zato.

Abin da za ki yi yanzu shi ne ki gwada hatiman da juna. Harafin shekara na Amstadam yana zagayowa bayan shekara ashirin da 'yan kai, don haka harafi ɗaya yana iya nufin shekaru da dama. Shekarun aikin maƙerin ne suke zaɓa miki zagayen. Ki nemi teburin haruffan Amstadam, ki duba ko harafinki, da salon rubutunsa, da siffar da'irar da yake ciki, sun faɗa tsakanin 1728 da 1769. Idan siffar harafin ta wani zagaye ce da ya zo bayan mutumin ya bar aiki, magana ta ƙare. X ukun kuma a tsaye suke, ɗaya bisa ɗaya, kambi a sama. Rashin zakin lardin Holan kada ya dame ki. Shi na azurfa mai daraja ta farko ne, 934, ƙananan kaya da yawa kuwa da ta biyu aka yi su, 833, wadda ba a buga mata zaki.

Gatarin hatimin haraji ne na 1853 zuwa 1927, ana buga shi ga tsohon kayan cikin gida mai hatiman dā idan ya sake shiga kasuwa.

Ɗan Gwanjo:
To ai gatarin ya yanke hukunci ke nan, Hajiya. Hukuma da kanta ta ce tsohon kaya ne.

Hajiya Mai Hatimai:
A'a Malam, ban kai nan ba. Ma'aikacin da ya buga gatari haraji yake karɓa, ba tarihi yake tantancewa ba. Abin da gatari yake nunawa shi ne kafin 1927 kayan yana nan kuma an ɗauke shi a matsayin tsoho. Shekarun gatarin kuwa su ne daidai shekarun da aka fi buga hatiman ƙarya, kuma sunan Van Geffen yana cikin waɗanda aka fi ara saboda shi masu saye suke nema. Yana ƙara nauyi a ma'auni, amma shi kaɗai ba ya isa.

Baba Maƙeri:
Shi ya sa sai an koma ga aikin hannu. 'Yata, ki juya alkukin ki leƙa cikin gindinsa. A ƙarni na 18 ana zuba sandar alkuki sau da yawa gida biyu a haɗa, don haka ɗan siririn layi a tsaye a jikin sandar ba aibi ba ne. Abin dubawa shi ne yadda aka gama aikin. Na dā an bi shi da magagari da ƙarfen sassaƙa bayan zubi, layukan ado suna da kaifi, kuma ba su yi daidai da juna ɗari bisa ɗari ba. Na baya yakan fito da laushin fuska, an goge shi da inji har kusurwoyi sun narke, lungunan da inji bai kai ba kuma an bar su da ƙaiƙayi.

Sai lashewa. Kayan da ya shekara ɗari biyu da hamsin yana zaune yana lashewa a inda yake taɓa katako da inda yatsu suke kama shi: ƙasan gindi, bakin sama, ƙullin tsakiya. Ƙananan ƙarce-ƙarcen jikinsa ta ko'ina suke tafiya. Idan kika ga ƙarcen duk sun bi hanya ɗaya, ko lungu ya lashe daidai da tudu, hannu ne ya tsufar da shi da gangan.

Ga kayan da aka yi da fallen azurfa, kamar kofi da buta da tire, ki duba kaurin. Wanda aka ɗaga da guduma kaurinsa ba ɗaya ba ne, ta ciki ana ganin sawun guduma a jere, wani lokaci da ɗan ɗigo a tsakiyar gindi inda aka kafa kamfas. Wanda aka matse da inji kaurinsa ɗaya ne ko'ina, abin da ya fito ta waje shi ne ya lotsa ta ciki daidai wa daida. Wanda aka murza a kan injin juyi yana da siraran da'irori masu bin juna ta ciki. Idan kuma bayan ya yi gurji-gurji alhali fuskar ta fito tsaf, da wutar lantarki aka tara ƙarfen a cikin mazubi, wannan kuwa bai wuce shekarun 1840 ba.

Ki duba walda ma. Waldar azurfa launinta ya kusa da na jikin, wani lokaci da ɗan rawaya. Idan kika ga dunƙule mai toka-toka marar sheƙi, gyara ne da dalma. Ki sani yana nan, domin idan wani ya sake kai wuta wurin ba tare da ya kankare ta ba, dalmar za ta ci azurfar ta huda ta.

Alhaji Mai Sikeli:
Game da kujerar da ba ta da hatimi, da ma duk wani abin da ake shakkar ko azurfa ce, ga gwajin da ba ya ɓata kaya. Ana buƙatar sikeli mai auna har 0.01 na giram. Ki auna kayan a bushe ki rubuta. Ki ɗora kofin ruwa a sikelin ki mayar da shi sifili. Ki ɗaure kayan da siririn zare ki saukar da shi har ruwa ya rufe shi, kada ya taɓa gindi ko gefe, ki rubuta abin da sikeli ya nuna. Ki raba na farko da na biyu. Misali giram 12.40 a raba da 1.21 ya ba da 10.25.

Azurfa 925 tana ba da kusan 10.36, 833 kusan 10.2, 800 kusan 10.14. Farin ƙarfen da ake rubuta wa ALPACCA ko EPNS, wanda gaurayen jan ƙarfe da nikel da tutiya ne, yana tsayawa wajen 8.7. Tagulla wajen 8.5, gaurayen kuza wajen 7.3.

Inda ake kuskure: a kaya mai giram goma sha biyu, kuskuren 0.02 a awon ruwa yana motsa sakamakon da kusan 0.17, wato ya kusa cinye duk tazarar da ke tsakanin 800 da 925. Don haka gwajin yana raba azurfa da abin da ba azurfa ba, amma ba ya faɗa miki darajarta. Kuma kaya mai rami a rufe, kamar jikin doki da aka haɗa gida biyu, zai ba da lamba ƙasa da gaskiya. Saƙar waya tana riƙe kumfa, sai an ɗiga sabulu kaɗan a ruwan an girgiza ta a ciki.

Maganaɗisu kuwa idan ya kama, ba azurfa ba ce. Idan bai kama ba, bai ce komai ba, tagulla ma ba ya kama ta.

Ɗan Gwanjo:
Ruwan asid fa, Alhaji? Minti ɗaya an gama.

Alhaji Mai Sikeli:
A kan abin da za a narkar, to. A kan wannan kuwa sam. Sai an kankare wuri kafin a ɗiga, tabon kuma ba ya fita, a jikin abin da bai kai santimita 5 ba babu inda za a ɓoye shi. Wanda yake son adadi ya nemi na'urar XRF, wadda take karanta ƙarfe da haske ba tare da taɓa shi ba. Ita ma a san iyakarta: fatar sama kawai take karantawa. Kayan da aka yi wa rufin azurfa zai nuna adadi mai yawa, tsohuwar azurfa ma fatarta takan fi cikinta tsabta saboda wankin tsami da aka yi mata bayan wuta. A auna wuri uku ko huɗu, har da inda ya lashe.

Amfaninta na gaske ga alkukin shi ne ƙananan abubuwan da ke gauraye. Azurfar da aka tace kafin ƙarshen ƙarni na 19 tana ɗauke da ɓurɓushin zinariya da dalma, domin tacewar dā ba ta iya fitar da su duka. Tacewa da lantarki ta zo ta share su. Azurfar da ta fito tas babu ko ɗaya abin tuhuma ce a kan kayan da aka ce na 1750 ne. Ƙarfen kadmiyum a cikin walda kuma aikin ƙarni na 20 ne, ko dai ƙirar ko gyaran. Amma samun zinariya da dalma ba hujja ba ce ta tsufa, tunda mai kwaikwayo yana iya narkar da tsofaffin cokula.

Malama Mai Adana:
Kujerar saƙar waya kada ki sa rai da amsa guda. An yi irin wannan aiki a Holan tun ƙarni na 17, an yi a Genoa da Campo Ligure na Italiya, a Gondomar kusa da Porto, a Malta, a Cuttack na Indiya, da Sin, kuma salon ya yi kama sosai. Yawanci babu fili a jiki da za a buga hatimi. Ki bi ƙafafun da firam ɗin da gilashi, wani lokaci ana liƙa ɗan falle ƙarami don hatimi kawai, ko a buga shi a gefen waya mai kauri har ya yanke rabi. Idan babu, abin da za a iya faɗa shi ne daga salon kujerar kanta: ba za ta girmi irin kujerar da take kwaikwayo ba. Wannan ƙa'idar tana aiki a kan kowane ƙaramin kaya. Tana ba da shekarar da ba zai wuce ta a tsufa ba, ba ta hana shi zama na jiya.

Hajiya Mai Hatimai:
Saura kofin DC. David Clayton maƙerin Landan ne da ya ƙware a kan ƙananan kaya, ya yi rajistar hatimi a 1697. Daga 1697 zuwa 1720 doka ta tilasta azurfa 958, da hoton mace zaune mai mashi da kan zaki, kuma hatimin maƙeri haruffa biyu ne na farkon sunan mahaifi, don haka nasa CL ne a lokacin. DC ta zo ne da dawowar 925 a 1720. George Manjoy, ɗaya gwanin, haka shi ma: GM kafin 1697, MA bayanta.

Hatimin maƙeri shi kaɗai ba abin mamaki ba ne a kan kaya mai wannan ƙanƙanta, kuma daga 1739 doka ta yafe wa ƙananan kaya da yawa zuwa ofishin awo. Sai dai DC haruffa biyu ne da kowa zai iya sassaƙawa, an kuma kwaikwayi Clayton. Ki gwada siffar da'irar da haruffan suke ciki da hoton hatiminsa na rajista, ba haruffan kaɗai ba. Nawa ne nauyin kofin?

'Yar Gado:
Giram 6.3 ne Hajiya, faɗin bakinsa santimita 3. Siriri ne ƙwarai, hannayen kamar waya aka lanƙwasa. Ta ciki akwai layi a tsaye daga baki zuwa gindi.

Baba Maƙeri:
Rashin nauyin bai saɓa ba, ƙananan kayan Landan na lokacin da siririn falle aka yi su. Layin kuma yana nufin an naɗe falle ne aka haɗa bakinsa aka liƙa gindi daban, hanya ce da aka bi a dā kuma ana bi har yau. Wannan ba a yanke shi daga hoto. Shi da alkukin su biyu ne suka cancanci a kai wa masani ya riƙe a hannu. Sauran huɗun kin riga kin san matsayinsu gwargwadon abin da za a iya sani.

Malama Mai Adana:
Idan za ki tura hotuna kafin ki kai su, kowane kaya a yi masa hoton gaba, baya, ƙasa da ciki, da rula a gefe. Hatiman a ɗauke su tare a hoto ɗaya don a ga yadda suke zaune da juna, sannan ɗaya-ɗaya da hasken gefe. Ki rubuta nauyi da tsayi da faɗi. Dabarar ɗora gilashin ƙara girma a kan kyamarar waya tana aiki, in dai an jingina wayar a kan wani abu don kada ta girgiza. Kada ki bi shawarar shafa baƙin kyandir a ɗauke da salatif, zafi yana iya sakin waldar dalma, gam kuma yana barin saura a rami.

Kofin idan na Ingila ne kuma ana shakkar hatiminsa, ƙungiyar maƙeran zinariya ta Landan tana da kwamitin duba tsofaffin kayan azurfa tun 1939. A dokar Birtaniya ta 1973 laifi ne a sayar da kaya mai hatimin Ingila na jabu, don haka gidajen gwanjo na can suna tura musu abin da suke tuhuma.

Wajen ajiya, kowanne a naɗe shi daban a takarda marar asid, a sa a leda mai zif, da 'yar takarda mai lambarsa a cikin ledar, ba a manne a jikinsa ba. A nisanta su da robar ɗauri, ulu, jarida da soso, duk suna fitar da farar wuta mai baƙanta azurfa, robar ɗauri ma har zane take bari wanda ba ya gogewa. Ƙafafun keken kada a tilasta musu juyawa idan sun cije, sandar da suke kai siririya ce, lanƙwasa ɗaya take karyewa.

Alhaji Mai Sikeli:
Kuma ki ce wa masanin ya duba ko alkukin yana cikin tagwaye ne. Yawanci biyu-biyu ake yin su, rashin ɗayan yana taɓa ƙimarsa, kuma idan akwai wani a cikin dangi da ya gaji ragowar kayan, a tambaye shi kafin a yi masa kuɗi.

'Yar Gado:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, harafin alkukin zan ɗauke shi da hasken gefe in turo tare da na ƙahon, sai ki duba mini siffar da'irarsa.

Hajiya Mai Hatimai:
Turo, amma ki haɗa da hoton cikin gindin inda hatiman suka turo, da rula a gefe. Girman ƙahon nake son aunawa.